Gidan da Muka Gina a Kwamfutar Baba

Ranar wata Asabar ce cikin dogon hutu, shekarar da na gama firamare. Baba ya shigo da Alhaji Sule, abokin aikinsa, har ɗakin da aka ajiye kwamfuta, ya yaye ƙyallen da ake lulluɓe ta da shi, ya ce, "Nasiru, kunna wa babanka ya gani." Haka yake yi wa duk baƙon da ya zo gidanmu a Unguwar Rimi tun da ya sayo ta a gwanjon ofis. Ni kuwa sarkin rawar kai, sai na buɗe abin da na fi alfahari da shi.

Wani wasa ne muka tarar a cikinta, ka gina gida, ka ƙirƙiri mutane, ka ciyar da su, ka tura su aiki. Ni da Kabiru, ɗan Alhaji Sulen, a kansa muka cinye hutun. Da na gama sharar tsakar gida na cika wa Mama randa, sai in ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida. Mutum biyu muka yi, dogo kamarsa da gajere mai fatan-fatan kunnuwa kamar ni. Kullum tare suke girki, tare suke hira, har ranar da wasan ya nuna za su iya aure. Kabiru ya dube ni ya ce, "Danna mana, ka ga ba mai raba su." Na danna. Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Mutanen nan biyu ne suka bayyana ranar Asabar ɗin a gaban iyayenmu, rungume da juna, sunayenmu a saman kawunansu. Ko marina Baba bai yi ba. Alhaji Sule ya sa takalminsa ya fita ba sallama. Kafin magariba an goge wasan, kafin hutu ya ƙare an kai Kabiru makarantar kwana a Katsina. Na yi kuka a bayan tankin ruwa, ban ma san sunan abin da na rasa ba.

Yanzu ina digiri na biyu a fannin sadarwa. Bara na gano cewa a wasu ƙasashe malaman jami'a suna bincike kan soyayyar jinsi ɗaya a wasannin bidiyo, da yadda wasu ke fara gane kansu a ciki. Nan da nan na rubuta takardar neman yin irinsa a kan Kaduna. Malamina ya karanta shafin farko, ya tashi ya tura ƙofa, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ban gani ba. Kai ma ba ka rubuta ba."

Kabiru yana unguwar Mando a nan Kaduna da matarsa da 'ya'ya uku. Mukan haɗu wajen ɗaurin aure, mu gaisa, ya tambayi mutanen gida, in ce lafiya lau. A da ba abin da nake ɓoye masa. Yau ko tambayarsa ko ya tuna ba zan iya ba.