Kwamfutar da Ta Kwana Tsakanin Randuna

Har yau ban manta da Litinin ɗin da Malam Sahabi ya shigo ofishinmu karo na uku rungume da jakar kwamfutarsa ba. Ku da kuka zo aikin nan a zamanin da kowa ke yawo da kwamfuta a aljihu, sai na ɗan yi muku shimfiɗa kafin ku gane abin da ya sa na'ura guda ta hana manya uku sakat har mako ɗaya.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne, ina mataki na bakwai a sashen gona a nan Sakkwato. Asalina makanikin tafireta ne. Da aka kawo kwamfutoci huɗu aka rasa mai taɓa su, sai aka tura ni kwas na wata shida a Kaduna, na dawo ana kirana Injiniya, ni kuwa ban hana kowa ba. Ɗakinmu kaɗai ke da na'urar sanyi in ka cire ofishin Babban Sakatare, shi ya sa da bazara masu zuwa gaishe ni suke ƙaruwa, har da waɗanda ba su san sunana ba. Ƙa'idar aikinmu kuwa ita ce, duk na'urar da aka kawo sai an buɗe mata katin aiki, a rubuta mai ita da ciwonta, Darakta ya sa hannu. In ta dawo sau uku da ciwo ɗaya, sai a yi mata fomatin, wato a share duk abin da ke cikinta a sake zuba mata manhaja, ta koma kamar ranar da aka saye ta.

Malam Sahabi malamin gona ne mai kula da iri, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma a ƙarshen wannan shekarar zai yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin ƙauyuka a kan babur, yana roƙon tsofaffin manoma tafi guda na irin gero da dawa da shinkafar da suka gada. Kowane iri ya zuba shi a kwalba ya manna mata lamba, har suka haura ɗari biyu. Sunan irin, da ƙauyensa, da wanda ya ba shi, da ƙasar da yake so, tudu ko fadama, duk suna cikin littattafai shida. Da wani shirin bunƙasa noma ya ƙare ya bar masa kwamfutar cinya, sai ya zauna da yatsa ɗaya ya kwafe su kaf a ciki. Bai daɗe da gamawa ba gara ta shiga sito ta yi walima da littattafan. Saura kwalabe masu lamba, da abin da ke cikin na'urar. Kuma a daminar da ke tafe dole a shuka su a sabunta, in ba haka ba irin ya mutu. Gero kuwa in yana cikin kwalba duk gero ne, ko shi Malam Sahabi ba zai rantse a kan wane ne wane ba.

"Injiniya, ta sake," ya ce, yana ajiye jakar a hankali. "Jiya da marece lahiya lau munka rabu da ita. Yau da sahe na kunna, ta yi awa za ta tashi, sai huskarta ta yi shuɗi ta koma."

Ban damu ba, don sau biyun farko ban yi mata komai ba. Ajiye ta na yi a kan teburina kwana biyu saboda aiki ya yi mini yawa, da na kunna sai ta tashi garau. Na rubuta a kati cewa na gyara, na karɓi godiya da goro, ban ji kunyar komai ba. Wannan karon ma na ajiye ta, ina jiran ta sake fitar da ni.

Ranar Laraba na kunna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fara gudu, sai allon ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake kunna kanta, ta sake faɗuwa a daidai wurin. Na bi ta hanyar lallaɓawa, wadda na'ura ke tashi da 'yan kayanta kaɗan, ta ƙi. Na sa mata faifan tayarwa, ta ƙi. Na cire batir na bar ta da wutar soket, na mayar, na yi duk abin da aka koya mini a Kaduna har da wanda na ƙara da kaina. Na nemi faya-fayan da na taɓa ce masa ya riƙa kwafe aikinsa a ciki, ya zaro guda uku daga aljihun jakar, ko ɗaya bai karantu ba. A nan ne gumi ya karyo mini a cikin ɗakin da kowa ke zuwa shan sanyi.

Washegari Darakta ya kira mu. Mutum ne mai son takarda ta yi tsaf, ya duba katin ya ce, "Umaru, karo na uku ke nan. Ka san doka. Yi mata fomatin, ka ba shi abinai shi tahi."

Malam Sahabi ya tambaye ni abin da fomatin ke nufi, na faɗa masa. Sai ya cire hula ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, in anka share ta, to a zubar da kwalaben ga awaki. Mutanen da sunka ba ni irin ga, rabinsu sun rasu. Ba ni da wanda zan koma in tambaya."

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta fi tausayin yawa, don na san gyaran ƙarya na yi masa sau biyu. Na roƙi Darakta ya ba ni zuwa Litinin. Ya ce ya ba ni, amma in na ɓata kayan gwamnati ni da takardar tuhuma.

Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce, ban taɓa buɗe cikin kwamfutar cinya ba. Ko sukudireban da zai shiga kusoshinta ba ni da shi, sai da na je Sabon Gari wurin wani mai gyaran agogo na aro. Na shimfiɗa farar takarda, duk kusar da na cire na zana mata gida na ajiye ta, dabarar da na koya a tafireta. Da na ɗaga murfin ƙasa, abin da ya fara dukana wari ne, irin na buhun da ya jiƙa bai bushe ba. Na zaro ɗan allon ƙwaƙwalwarta, sai ga haƙoransa na ruwan zinare sun yi kore-kore. A jikin murfin kuma ga laima, har ta taɓa mini yatsa.

Na zauna ina kallon yatsana. Ana tsakiyar bazara, a Sakkwato, inda in ka wanke riga ka shanya kafin ka gama alwala ta bushe. Ina na'ura ta samo ruwa?

Na tambayi Malam Sahabi ko an taɓa zubar mata da shayi, ya ce ko kusa. Na ce to ina take kwana? Ya ce, "Wurin Inna Kulu. Ita ka ajiyar duk abin da ka da daraja gidanmu." Na ce ina so in ga wurin da idona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya goya ni a babur zuwa gidansa a Ƙofar Taramniya. Inna Kulu ita ce maiɗakinsa, dattijuwa mai fara'a da ke sayar da goro a cikin gida. Bayan mun gaisa ta ba ni fura, sai ta ja mu zuwa wata rumfa a gefen tsakar gida. Randuna biyu ne manya a kan jiƙaƙƙen rairayi, ga kwandon goro a lulluɓe da ganye. A tsakanin randunan an yi wani ɗan gurbi mai kyau, an shimfiɗa buhu, an ajiye wani buhun a gefe na rufewa.

"Nan take kwana," in ji Inna Kulu, tana nuna gurbin da alfahari. "Sahe da marece in na yayyahwa ma goro ruwa, sai in yayyahwa ma buhunta. Ban taɓa tsallake rana ba."

Na ce, "Inna, wa ya ce a yi mata haka?"

Ta dube ni da mamaki. "Kai mana, ɗana. Malam ya ce Injiniya ya ce ba ta son zahi, a sama mata wuri mai sanyi. To duk gidan ga ina ka ga sanyi in ba nan ba? Nan nika aje maganin Malam, nan nika aje ƙwai."

Sai na tuna. Ranar da aka ba shi na'urar, ni na tsaya ina hura hanci na ce masa, Malam, abin nan ba ya son zafi, a ajiye shi wuri mai sanyi. Ni ina nufin inuwa. Ban tsaya na tuna cewa a gidajenmu sanyi da ruwa tare suke kwana ba. Kuma yanzu na gane sirrin gyarana na baya: na'urar sanyin ofishinmu ce ke tsotse laimar, ni ina karɓar goro. A karo na uku tsatsa ta riga ta kama, shanya kaɗai ba ta isa ba.

Dariya ta kama Malam Sahabi har ya dafa bango. Ni ma na yi, amma tawa rabi ce, don ban san ko laimar ta kai ga rumbun ajiyar da aikinsa ke ciki ba.

Ranar Asabar na kawo na'urar gidansu a wargaje. Inna Kulu ta kawo faya-fayan kaba muka jera kayan a kai, ta ce a kai rana. Na ce a'a, inuwa, inda iska mai zafi ke wucewa. Ta ce, "Kai dai ba ka da magana guda. Ba ta son zahi, ba ta son sanyi, ba ta son rana. Ko jinjiri bai kai ta ƙorahi ba." Amma ita ta ɗauko kujera da ɗan kara ta zauna gadi a bakin zaure wuni guda, tana korar kaji. Lahadi na zauna da magogin fensir na bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli, na goge da auduga da sifirit, na mayar da kowace kusa gidanta. Guda ɗaya ta yi saura, har yau ban san daga ina take ba.

Litinin da hantsi muka taru a ofis, ni da Malam Sahabi da Darakta, wanda ya ce wucewa kawai yake yi amma ya ja kujera. Na yi bisimilla na danna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fara gudu. Da ta iso inda take faɗuwa sai ta ɗan tsaya. Sai ta wuce. Allon ya buɗe, ga fayil ɗinsa a kusurwa, ya sa masa suna IRI da manyan baƙaƙe.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali, ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da babbar rigarsa.

Ban yarda na tsaya murna ba. Nan take na kwafe a sababbin faya-fayai uku, na haɗa ta da injin bugawa. Darakta da kansa ya je ya buɗe durowarsa ya fito da bandir ɗin takarda da ya ɓoye tun bara. Injin ya yi ta ƙara kusan awa guda, ina tsaye ina tattara shafuka.

A nan idona ya faɗa kan lamba tamanin da bakwai. Gero ne, sunansa Rufin-asiri, an karɓo shi daga wata tunga da ke maƙwabtaka da ƙauyenmu. Tun ina yaro nake jin sunan nan a bakin mahaifiyata. Gero ne mai saurin nuna, yana isowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ta ce mahaifinta shi yake shukawa, amma a shekarun fari yunwa ta sa aka cinye har irin, daga nan ba ta sake ganinsa ba. Ni na ɗauka ma ya ƙare a duniya. Kuma kwana huɗu da suka wuce, da na bi doka, da hannuna zan share sunansa.

Na nuna wa Malam Sahabi layin, na ba shi labari. Da kaka ta yi, bayan an girbe filin gwaji, sai ga shi a ofis da ƙulli a leda, lamba tamanin da bakwai a jiki. Ya ce, "Inna Kulu ta ce a kai ma tsohuwa. Ta ce kuma ka hwaɗa mata inda za ta aje shi dalla-dalla, kada ka ce wuri mai sanyi."

Na kai wa mahaifiyata ranar Asabar. Ban gaya mata ko mene ne ba, na zuba mata a tafin hannu. Ta kai kusa da ido, ta jefa ƙwaya biyu a baki ta tauna, sai ta kira sunansa, ta kuma kira sunan mahaifinta. Ta yi dariya tana share hawaye da bakin zane, ta aika a kira ƙannenta.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki biyu ne, kuma su nake so ku riƙe. Kada ka rubuta ka gyara abin da ba ka san dalilin warkewarsa ba, domin zai dawo ya same ka. Sannan in na'ura ta gagare ka, bar teburinka ka je ka ga inda take kwana, ka ji yadda mutanen gidan suka fahimci maganarka. Inna Kulu ba ta yi kuskure ba, umarnina ta bi, kuma ta bi shi fiye da yadda ni nake bin na Darakta. Shi ya sa har na yi ritaya ban sake sa hannu a katin fomatin ba sai na tambayi mai na'ura abin da ke ciki, da wanda ya ba shi.

Geron kuwa yana nan a gonar gidanmu. Bana ma shi muka fara ci.