Kujerun Motar Garba

A wannan watan ne Garba ya cika shekara tara da rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Waɗanda suka zauna a unguwar Thamesmead ta Landan a wancan lokaci za su tuna shi, dogon mutum mai tafiya a hankali kamar yana tausayin ƙasa, direban bas da ya yi shekaru yana kai mutane tsakiyar Landan yana dawo da su. Ni abokina ne tun muna samari a Kano. Amma duk sanda ya faɗo mini a rai, ba a cikin bas nake ganinsa ba. A cikin wata mota nake ganinsa, wadda har ya koma ga Mahaliccinsa ba ta motsa daga inda aka ajiye ta ba.

Tsohuwar motar Amurka ce, irin masu dogon hanci da faɗin ƙirji, waɗanda in aka tayar da su sai gilashin tagogi ya yi rawa. Haka dai aka ce mana, domin mu ba mu taɓa jin muryarta ba. A bayan babbar mota aka kawo ta, tsatsa ta cinye gefenta, tayoyin duk sun kwanta, aka tura ta cikin garejin da ke bayan benen da suke zaune. Na zagaya ta, na ce, "Garba, wannan mota ce ko gawar mota?" Bai kula ni ba. Ya buɗe ƙofa ya nuna mini sitiyarin, ya ce, "Duba, a hagu yake, irin na gida." Mutumin da ke wuni yana tuƙi da sitiyari a dama, ashe abin da yake kewa ke nan.

Duk wanda ya san gyaran tsohuwar mota zai gaya maka da ƙarfe ake farawa. A kwance komai, a kankare tsatsa, a duba inji, sai can a ƙarshe a zo kan kujeru. Bitrus, makanikin nan ɗan Jos da ke majalisarmu, ya faɗa masa haka har bakinsa ya gaji. Garba ya saurare shi tsaf, ya gode, sannan ya fara da kujeru. Duk wanda zai je gida hutu sai ya ɗora masa saƙon jar fata daga wurin dukawa. Wasu sun rage kilishi da yaji a akwati domin fatar Garba ta samu wuri, suna yi suna mita. Da kansa ya yanka, ya ɗinka, ya cusa soso. Bitrus ya riƙe kai ya ce, "Oga Garba, ka sa wa mara lafiya babbar riga, ba ka ba shi magani ba." Garba ya ce, "To in kun zo taya ni aiki, a ina za ku zauna? Baƙo zai tsaya a tsaye?"

Sai daga baya na fahimci abin da ya gina. A wannan gari ba mu da zaure, ba mu da dakali a ƙofar gida. Gidajen kankare ne wani kan wani, kowa ya shiga ya ja ƙofarsa. Garba ya rasa inda zai tara mutane, sai ya yi mana zaure mai taya huɗu. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu taru, a ɗaga ƙofar garejin rabi, filas ɗin shayi a kan bonet, mu shiga mu zauna. Ƙanshin fatar nan kaɗai ya isa ya mai da kai kasuwar Kurmi. Ruwan sama na dukan rufi, gilashi ya yi hazo da numfashinmu, shi kuma ya kama sitiyari ya ce, "Bismillah, kowa ya shirya?"

Daga nan sai tafiya. Mu tsallaka ruwa, mu ratsa ƙasashen Turawa, mu faɗa hamada. Garba yana ba da labarin hanyar da bai taɓa bi ba kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ga rairayi ja, ga raƙuma sun tsaya suna kallonmu, ga wata rijiya inda za mu yi alwala. Manyan mutane da furfura, masu 'ya'ya a jami'a, mu yi tsit muna kallon bangon gareji, kuma wallahi muna ganin abin da yake faɗa. Mu kwana a Agadas, mu kama hanyar Damagaram. A nan kullum yake taka birki. In muka ce ya ƙarasa mana, sai ya girgiza kai ya ce, "Kano da ƙarar inji ake shigarta. Ku bari sai ta tashi."

Ba ta tashi ba. Ya kwance injin ya jera sassansa a cikin gwangwanayen madara, sai ciwo ya kama shi, kuma bai daɗe ba. A nan Landan muka binne shi. Bayan haka majalisar ta watse a hankali, ba tare da kowa ya ce a watse ba. Hajiya Rabi, matarsa, ta bar mini makullin garejin. Nakan je lokaci-lokaci in goge ƙura, in zauna a kujerar baya. Kujerar direba kuwa ban taɓa zama a kanta ba, kuma ban bar kowa ya zauna ba.

Ina yawan tambayar kaina me Garba zai ce da ya ga yau. Motoci sun koma na lantarki, suna wucewa shiru kamar marasa gaskiya. Na san dariya zai yi, ya ce motar da ba ta sallama ita ma mota ce? An rushe wasu dogayen gidajen da muka sani, an kafa masu gilashi. Majalisa ta koma cikin waya, kowa na kwance a ɗakinsa yana tura gaisuwar Juma'a mai furanni. Wannan kam ba zai ba shi dariya ba. Shi mutum ne mai son ya ji kafaɗar ɗan'uwansa a jikin tasa.

Bana hukumar unguwa ta sanar cewa za a rushe layin garejin. Bitrus, wanda yanzu gwiwa ta hana shi durƙuso, ya ce akwai Baturen da ke tara irin waɗannan motoci, a ba shi a huta. Gaskiya ya faɗa, amma na kasa haɗiye ta. In motar ta tafi, ba ni da sauran wurin da zan je in zauna da Garba. Kabarinsa yana nan, ina zuwa in yi masa addu'a, amma a can ba ma hira.

Sai Hafsa ta kira ni, 'yar Garba, wadda a da take leƙo mu ta yi mana dariya ta gudu. Yanzu ta yi aure, suna da ɗan gida mai gareji can gefen gari. Ta ce ta karɓi ɗayan makullin a wurin mahaifiyarta, ta sa an ɗauko motar, za ta fara gyara, kuma ta riga ta cire kujerun. Na shiga bas ina ta saƙe-saƙe, ina cewa shi ke nan, yaran Landan sun zubar da fatar Garba a shara.

Da na isa na tarar da motar tsirara a kan jak, gwangwanayen madarar nan an jera su a kan katako yadda ya bar su. Kujerun kuwa ga su a jikin bango, ta ɗora su a kan bulo suna fuskantar motar, da filas a gefe da tabarmar salla. Bitrus har ya riga ni, ya miƙe ƙafa yana ba da umarni. Ban san sanda na zauna ba.

Hafsa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai ɗingishi. Sannan ta tashi ta zauna a kan kujerar direba, ita kaɗai da aka ware gefe guda. Na buɗe baki zan hana ta, sai na ga yadda ta ɗora hannu a gwiwa, sak ubanta, na fasa.

Ta ce, "Baffa, I used to listen, ina jin ku, ka sani. A ina kuka tsaya?"

Na ce, "Damagaram."

Ta ce, "Da nisa daga nan zuwa Kano?"

Na ce mata babu nisa.

Garba bai bar gida a Kano ba, bai bar suna a jarida ba, ko motarsa bai gama ba. Abin da ya bari shi ne wurin zama, da mutanen da suka saba zama kusa da juna, da wata tafiya da ya ƙi ƙarasawa domin kada mu daina zuwa. Ban sani ba ko zan kai ranar da injin nan zai yi tari ya kama. Bitrus ya ce aikin shekaru ne, kuma ni ma furfurar ta gama gari. Amma ranar Lahadi bayan la'asar ina da wurin zuwa. Hafsa ta ba ni buroshin ƙarfe da ƙofar hagu, ta ce in kankare har sai na ga fari.

Allah ya kai haske kabarinka, Garba. Muna nan Damagaram inda ka bar mu, amma 'yarka ta karɓi tuƙi.