Matauni Ɗaya a Tashar Kafin Maiyaƙi

Ka taɓa ganin ƙato yana hawaye saboda haƙori? Ga wani ɗan acaɓa a tasha, kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye gwaiba. Da ya buɗe baki na ƙirga: matauni ɗaya ya rage, shi ma ya yi baƙi. Da gani shayi mai sukari ne ya cinye sauran, kuma ban tausaya masa ba.

"Mudassir," in ji abokin sana'arsa, "kai da kuncin nan, ina fasinja zai zauna?"

Mudassir yana ta cusa kanumfari a ramin haƙorin, don in aka cire wannan, shi da tsire sai kallo. Maganin na kwantar da zafi, mutumin ne ya makara. Kai ka gwada tun ciwon yana ƙarami.