Fadamar Goggo Ta Kai Mu Babbar Kotu

Wudil

Ana kiran assalatu Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta tashe ni. A gidanmu ta kwana, ta taso daga Utai tun jiya da kwanon dambun zogale da soyayyen kifi. Maigidana ya ba ni izinin raka ta Kano, don ni ce na yi sakandare, kuma an ce a Babbar Kotu da Turanci ake magana.

Fadamarta ce ta fito da mu. Lokacin da aure ya kai ta Lajawa ta ba taubashinta Baba Sule, ɗan kawunta, aron wurin. Ya shekara kusan ashirin yana noma albasa. Da mijinta ya rasu ta dawo da jikoki marayu, ta ce a ba ta abinta, ya ce ya zama nasa. Alƙalin ƙaramar kotu ya ba shi gaskiya, wai wanda ya riƙe gona shekara goma mai ita na kallo bai ce uffan ba, ya mallake ta. Goggo ta ɗaukaka ƙara. In ta faɗi a nan, ban san abin da yaran za su ci ba.

A tasha muka tarar da motar ƙiya-ƙiya guda ce ke lodi, kuma Baba Sule na ciki da sabuwar hula.

"Direba, ka duba kayanka," in ji Goggo. "Akwai mai aro ba ya mayarwa a motar nan."

"Ke dai shigo, baiwata," in ji shi. "Ki yi bankwana da albasa."

Na gaishe shi har ƙasa, Goggo ta harare ni.

Kan hanya

Muka haye gada rana na hudowa, masunta sun riga sun shiga ruwa. Shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo, hanya cike take da tireloli masu siminti da sababbin babura. Direbanmu ya ƙi yarda kowa ya wuce shi, ni kuwa ban daina salati ba.

Goggo ta yi ta bitar jawabin da za ta yi wa alƙalai. Tun a gida ta ɗaura alwala don rantsuwa.

"Zan ce, ranka ya daɗe, mutumin nan ba ɗan'uwana ba ne. Tun muna yara muke gaba. Ya fito, Uwani?"

Na ce ya fito, amma zuciyata ba ta so shi ba.

A shingen 'yan sanda kusa da Mariri wani kofur ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin kwano. Goggo ta buɗe ta miƙa masa kifi ɗaya, ta fara ba shi labarin fadama tun daga farko. Shi da kansa ya roƙi direba ya ja mota.

Kano

Hantsi ya yi muka isa. Lauyanmu, wani saurayi mai sanyin murya, ya taho da littattafai har haɓa. Goggo ta ce, "Ɗan nan, shari'a muka zo ko makaranta?" Ya ce a ɗaukaka ƙara ba a sake jin shaidu ba a rantsuwa, ana duba abin da aka rubuta a kotun ƙasa ne a auna shi da abin da malamai suka faɗa. Ta ce ta ji. Na san ba ta ji ba.

Alƙalai uku suka fito, biyu da farin gashin nan da suke ɗorawa a ka, ɗaya dattijo mai rawani. Goggo ta raɗa mini ko sanyi suke ji.

Lauyanmu ya buɗe wani tsohon littafin fiƙihu ya karanta Larabci, ya fassara. Na kasa kunne. Ashe shekara goman nan ta bare ce. Malamai sun ce tsakanin dangi sai an kai arba'in, domin ɗan'uwa yakan yi shiru saboda kunya da zumunci, ba don ya bar hakkinsa ba. Sai dai in akwai gaba a tsakaninsu, to hukuncinsu na bare ne.

Jawabin Goggo kaf shi ne abin da lauyan Baba Sule yake nema. Lauyan kuwa ya miƙe ya ce shaidu sun tabbatar mutanen nan biyu ba sa haɗuwa sai da zagi. Na fassara mata rabi kawai, ta yunƙura.

"Yawwa, bari in ƙara masa."

Na taka gefen zanenta da ƙafa, na riƙe mata hannu.

"Goggo, don Allah zauna."

"Alwalata fa?"

"Ki ajiye ta ki yi azahar."

Allah Ya yafe mini, ban taɓa danne babba haka ba.

Dattijon mai rawani ya sa aka karanto zagin. Wai ta ce masa mai kunnen faifai, shi kuma ya ce mata baiwarsa da bai gama biya ba. Ya tambayi dangantakarsu, aka ce ɗan mace da ɗan namiji ne. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya juya ya daɗe yana yi wa abokan zamansa bayani, suka ce a dawo washegari, za su duba littattafai.

A Fagge muka kwana, gidan yayata. Goggo ta ƙi cin tuwo, wai an kawo ta Kano an ɗinke mata baki. Sai da na warware mata komai, sannan ta ce, "Su malaman nan, ina suka san ni? Wallahi kunyar kawu ce ta hana ni magana."

Da safe aka karanta hukunci. Wasan taubasai ba gaba ba ne, shekarun dangi ba su cika ba, fadama ta Goggo ce.

Komawa

A tasha muka sake haɗuwa da Baba Sule. Ya zauna a kujerar baya, sabuwar hular a gwiwa. Shi ma yana da iyali, kuma shi ya haƙa rijiyar fadamar. Har muka bar gari babu wanda ya tsokani wani, shirun ya fi zagin ciwo.

Muna hango gada Goggo ta tura masa kwanon sauran kifi ta kan kawunan mutane.

"Mai kunnen faifai, ɓangaren rijiya ka ci gaba da nomawa." Ta ɗaga murya. "Jama'ar motar nan ku shaida, aro ne. Direba, ka ji? Aro."

"Kifin ma aro ne?" in ji shi.

"Kwanon dai ka dawo da shi kafin shekara arba'in."

Mun sauka Wudil ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa maigidana da yayata. Malaman da suka zauna tun zamanin da suka yi wa mai kunya uzuri, Allah Ya haskaka kabarinsu. Kwanon kuwa har yau yana Utai, a gidan Baba Sule.