Jinin da Bai Fito Ba

Gidanmu a Dogarawa gidan 'yan tauri ne. Tun ina yaro Baba ya ba ni magani na sha, ya ɗaura mini guru a ƙugu. Wuƙa ba ta kama ni. Haka kowa ya sani, haka ni ma na sani.

Damanar da ta biyo bayan shekarar fara, 'ya'yan ƙanen Baba sunka matsa iyakar gona zuwa cikin tamu. Na je da safe na tuge geron da sunka shuka. Sunka zo su uku. Babban ya kawo mini sara da adda a kafaɗa, riga ta yage, fata ba ta yage ba. Na fasa masa baki da ƙotar hauya, haƙoransa sunka zube cikin kunyar gero. Sauran biyun sunka kayar da ni, ɗaya ya danne wuyana, ɗaya ya riƙa zuba mini taɓarya a haƙarƙarin hagu har mutane sunka raba mu.

Na tashi da ƙafata. Ba jini ko ɗigo. Anka rako ni gida ana kirari, Baba yana ɗaga rigata yana nuna wa jama'a. A wurinmu, wanda bai zubar da jini ba bai ji ciwo ba.

Kashegari cikina ya yi tauri kamar ganga. Kafaɗar hagu tana suka, alhali ba nan anka buge ni ba. Anka gasa mini da ruwan zafi, wanzami ya kafa ƙaho, amma askarsa ba ta kama fata ba. Da na miƙe zan kama ruwa, na faɗi. Matata ta buɗe idona, ta ga ya yi fari fat. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta tare mota a bakin kwalta. Baba ya biyo mu yana faɗa.

A asibiti likita ya shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a ciki, ya ɗora kan na'ura, yana kallon ƙaramin talabijin. Eko suke ce mata. Baba ya tambaya ko haske ne ke shiga. Likita ya ce a'a, sauti ne da kunne ba ya ji, yana shiga ya bugi nama ya dawo, kamar in ka yi kira cikin rijiya. Abu mai ƙarfi ya fito fari. Ruwa ba ya maido da kome, sai ya fito baƙi.

Ya juyo da talabijin ɗin wajenmu. Baƙi ya kwanta ta gefen hagu, ya gangaro har mara. Ya danna, na yi ƙara, baƙin ya motsa.

Ya ce, "Baba, wannan duk jini ne. Saifarsa ta fashe. In ba a buɗe shi yau ba, gobe ku haƙa rami."

Baba ya ce babu ƙarfen da zai buɗe ɗansa, wuƙarsu za ta lanƙwashe. Likita bai yi gardama ba. Ya ce ya taɓa karɓar irinmu, in akwai abin da za a warware, a warware yanzu, shi zai je ya wanke hannu.

Nan ne maganar ta tsaya. Maganin gidanmu in an karya shi, ya tafi ke nan, ba a sake sha. Baba ya ce waɗancan yaran za su ji labari kafin magariba, kuma in na koma gona fata ce kawai a jikina. Ya ce gara a mai da ni gida a gwada sassaƙe. Matata ta durƙusa tana roƙonsa, ya daka mata tsawa.

Ina jin sanyi yana hawowa daga ƙafafuna. Na kama hannunsa.

Na ce, "Baba, kwance."

Ya ce, "Ka san mi kake cewa?"

Na ce, "Ka ga baƙin da idonka. Kwance."

Ya zare hannunsa daga nawa. Sannan ya zaro kanwa daga aljihu, ya tauna, ya tofa mini a cibiya, ya karanta abin da yake karantawa. Ya kwance gurun, ya naɗe shi a hannu, ya fita bai waiwayo ba.

Anka tura ni ciki. Anka huda hannuna da allura, ta shiga ba wuya. Ƙanen matata da wani direba sunka ba da jini.

Na farka da ɗinki daga ƙirji har ƙasan cibiya, da roba a hanci. Sun cire saifar sun yar. Na nemi ruwa, anka hana ni. Matata ta jiƙa tsumma ta goga mini a leɓe. Na tambaye ta Baba. Ta ce yana waje gindin itacen bedi tun jiya, ya ƙi shigowa, ya kuma ƙi tafiya gida.