Wasiƙun da suka maƙale a ofishin Uzairu

Uzairu taubashina ne, ɗan Kawu Sa'idu na Manawashi. Yana yaro in aka tura shi kiwo, shanun ne ke rako shi gida. Da Kawu ya gaji sai ya sallama shi ga kwamfuta, tunda ita ba ta faɗa wa gonar mutane.

Shekarar da bom ya fara tashi a tashar motar Gombe, yana aiki a wani ɗan ofishi a GRA mai nema wa 'yan gudun hijira danginsu. Ta imel labari ke zuwa daga Yola da Maiduguri: an ga wane, wance na raye. Rannan kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ta tsaya cak. Manhajarta ta wani kamfani ce, a kulle, ba mai taɓa cikinta sai injiniyansu na Legas. Shi kuwa ya rantse ko hotonsa ba zai zo Gombe ba.

Akwai wata Mairamu daga Gwoza, kullum tana bakin ƙofa tana jiran labarin 'yarta Batul. Kwana tara Uzairu na wucewa ta gabanta, kansa a sunkuye.

Sai ya kakkaɓe wata tsohuwar kwamfuta, ya sauko da manhajar da kowa ke da ikon buɗewa ya gyara. Shugaban ofis, Malam Shafi'u, ya ƙi.

"Abin da ba shi da mai shi, wa zan kama in ya lalace?"

"Ranka ya daɗe, habbanaye ne," in ji Uzairu. "Yadda mu Fulani ke ba mutum aron saniya, ya sha nono, ta haifa masa, ya mayar."

"In ta mutu a hannunka fa?"

"Ni za ka kama. Ina nan Manawashi."

Malam Shafi'u Bakatsine ne, ko akuya bai taɓa tatsa ba, amma wannan ya shige shi.

Ranar Laraba da la'asar wasiƙu suka fara zubowa. Ni na ƙirga dubu goma, Uzairu ya ce ɗari biyu da sha ɗaya ne. Ya bi su ɗaya-ɗaya, sau biyu. Babu Batul.

Ya fita ya durƙusa gaban Mairamu.

"Inna, ba ta ciki. Amma hanya ta buɗe, yau zan sake aika cigiya."

Ta gyara mayafi.

"Ka rubuta tana da tabo a girar hagu. Wancan karon na manta ban faɗa ba."