Mushe Illa da Shafin Sunaye

Kullum ta Allah, da an sallame Asuba, kafin mai ƙosai ta hura wuta, Mushe Illa ya riga ya shimfiɗa tabarma a zauren gidansa, can bayan kasuwar dabbobi ta Tawa. Ga basilla, ga zare, ga reza, ga tarin takardu ya danne da dutse. Ya ninka, ya huda, ya ɗinka, yana ciza zare da haƙoran da suka rage masa. Baƙo zai ɗauka baduku ne. Littattafan yara yake ɗinkawa, shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aikin lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe.

Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya riga ni: Mushe Illa matsoraci ne. Yana tsoron kare, yana tsoron allura. In ya hau kabu-kabu, salati yake tun daga ƙofar gida har tasha, yana dukan kafaɗar mai moto, wato babur, yana cewa a yi sannu. Matarsa Hawa ta ce ko ƙadangare ne ya faɗo daga azara, sai Malam ya kai bakin ƙofa yake waiwayowa ya ga mene ne.

Aikinsa shi ne zagaya lakwal-lakwal na ƙauyukan arewacin Adar da akwatin karatu. Da aka ba shi aikin, ya tarar littattafan cikin akwatin ba su san yaran ba, yaran ma ba su san su ba. Sai ya sake dabara. Ya zaunar da yara a inuwa, ba bulala, ya ce, "Ku ba ni abin da za ya gagare ni." Nan fa wuri ya kaure. Mai kacici-kacici ya kawo, mai maganar murɗe harshe ya kawo, 'yan mata su kawo waƙar gaɗa da suka ƙaga da kansu. Amma sharaɗi guda: sai ka rubuta abinka a allo da hannunka, an gyara, an sake gyarawa, sannan zai shiga littafi. Yaron da ya ƙi riƙe alli wata uku, sai ga shi yana gumi a kan kalma guda don kada a bar shi a baya.

Wata yarinya Lalla, 'yar shekara tara, ita ta kayar da shi a gaban aji. Ta ce, "Baƙar akuyar gidanmu tana kiwo a farin fili, ba ta cin ciyawa, sai zuba kashi a layi." Mushe ya yi ta zufa, ya ce tururuwa, ya ce hadari, ƙarshe ya ba da gari. Ashe bik, biron da ke maƙale a aljihunsa, ake nufi. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya ya share ido.

Sai shafin ƙarshe. Shi wannan ba ya rubuta shi da bik. Tawadar ƙaro da gawayi yake haɗawa, ya feƙe alƙalamin kara, ya jera sunan kowane yaro da ya sa hannu a littafin: wance ɗiyar wane, jikar wane. Don ya san mutanen Adar, mutum bai cika ba sai an kira ubansa da kakansa. Ranar kasuwa ya tsaya gindin bishiya ya karanta shafin da ƙarfi. Ka ga dattijo ya gyara rawani, yana duban na kusa da shi ko ya ji. Madam Nasiratu, wadda ta koyar shekara shida a wani ƙauye arewa da Takanamat, ta shaida mini cewa shafin nan ya shigar da 'yan mata ajinta fiye da duk wani taron faɗakarwa. Uba ya ji an kira sunan maƙwabcinsa ba a kira nasa ba, gobe da safe ya riƙo hannun ɗiyarsa.

Kai ne ka gano wannan, Mushe, kuma babu wanda ya ce maka kuskure ne. Mu ma tafi muka yi maka.

Bara waccan, cikin zafin bazara, wata Litinin da hantsi, Madam Nasiratu ta faɗo zauren nan ba sallama, leɓɓanta sun bushe. Ta ce mutanen nan masu moto da bindigogi sun shigo ƙauyensu ran Asabar. Sun tara maza a bakin masallaci, suka tambayi wa ke da ɗa a lakwal. Kowa ya rantse ba shi da shi, wai yaran rugage ne na nesa ke zuwa. Suka ce to, za su dawo ranar kasuwa, Alhamis, su bincika ajin, kuma wanda aka kama da ƙarya ya san sauran. Ita ta gudo a bayan motar gawayi.

"Mushe," ta ce, ta buɗe tafin hannunta, ga makulli, "akwatin na can. Na manta da shi, wallahi na manta. Littafi talatin da biyu."

Ba sai ta ƙara ba. Littafi talatin da biyu, kowanne da shafin ƙarshe, kowane shafi da sunan uba da na kaka, da rubutun da ko makaho ya shafa zai karanta. Duk magidancin da ya rantse ran Asabar, sunansa na cikin akwatin nan da hannun Mushe Illa.

Mushe ya miƙe. Sau biyu yana zagayawa bayan gida kafin ya iya magana. Waya ba ta shiga ƙauyen, babu rezo tun damina. A gaya wa jandarma? In aka ga motarsu ta tsaya a ƙauyen, cewa za a yi mutanen garin ne suka kira su, abin ya fi na da muni. A aika wani? Wa ya san yawan littattafan, wa zai gane in guda ya ɓace?

Hawa ta tare ƙofa. "Malam, ba ka tahiya. Kai da kare ka kora, mi za ka yi da bindiga?"

"Hawa, hannuna ya rubuta su."

"To hannunka ɗai za ya tahi? Mu hwa?"

Ya ɗauki reza da makulli zai sa a aljihu, makullin ya faɗi, ita ce ta tsince shi ta miƙa masa tana kuka.

Almustafa, wani Buzu mai tsohuwar mota da ke kai gero da gishiri arewa, da farko ƙi ya yi. Ya ce shi kaya yake kaiwa, ba ya kai gawa. Da ya ji abin da ke cikin akwatin sai ya ce a shirya Laraba da Asuba. Shi ya ba ni labarin tafiyar. Ya ce tun daga Affala Mushe addu'a kawai yake, leɓe na motsi. Ƙura ta tashi can nesa, Mushe ya damƙe masa gwiwa. Ashe garken awaki ne.

Rana tsaka suka isa. Ƙauye tsit, ko daka ba a yi. Azuzuwan zana a buɗe, iska na kaɗa wani kaye, littafin rubutun yara, da aka yar. Mushe ya sa makulli ya buɗe ɗan ɗakin ƙasa da ake ajiye kayan lakwal, ya jawo akwatin ƙarfen, ya hau yanke shafukan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Almustafa ya ce a cinna musu ashana a huta. Mushe ya ce a'a. A kan tudun nan hayaƙi daga nesa ake hango shi, sannan akwai sunaye masu alfarma irin su Muhammadu da Abdurazak a ciki, ba za a bar tokarsu ana takawa ba. Ya roƙi ruwa. Wata tsohuwa ta kawo rabin ƙwarya, a garin da ake tafiyar awa biyu kafin a kai rijiya. Ya tsoma shafukan, tawadar ta saki, ruwan ya yi baƙi, ya murtsuke takardun har suka zama kamar dusa.

Sai ya ƙirga littattafan. Talatin da ɗaya. Ya sake ƙirgawa, gumi na ɗiga a kansu. Talatin da ɗaya. Wanda babu shi ne mai baƙar akuya.

Isuhu, uban Lalla, makiyayi ne, ko harafi bai sani ba. Suka same shi a bukkarsa. Da farko ya ce bai ga komai ba. Da Mushe ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi, sai Isuhu ya zaro littafin daga jakar fata, naɗe cikin tsohon rawani. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa daidai kan layinsa ba tare da ya nema ba.

"Mushe, duniya duka wagga takarda ɗai ta san sunan ubana. Ko katin gwamnati ba ni da shi. Ka bar min."

"Isuhu, ba sunanka ɗai ba ne. Mutum goma sha huɗu na nan tare da kai."

"Na ɓoye ta inda ba mai gani."

"In sunka sa ma bindiga ga kai, sunka ce ka zazzage jaka?"

Isuhu ya dubi Lalla da ke laɓe a bakin bukka. Sannan ya miƙa littafin, ya kau da kai don kada ya ga rezar. Da aka wanke shafin, Mushe ya ɗaga ƙwaryar zai kai bayan gari ya tona rami, sai Isuhu ya riƙe bakinta. "Sunan ubana ba ya zuba ƙasa," ya ce. Ya kafa kai ya sha baƙin ruwan nan, ya miƙa wa dattijon da ke kusa, shi ma ya kurɓa, ta zagaya har ta ƙare. Almustafa ya ce shi da ya ga abubuwa a hanya, ranar sai da ya ja rawani ya rufe idonsa.

Suka ɗora akwatin a mota don kada a same shi a garin. Bayan La'asar, a cikin wani busasshen kwari, moto uku suka fito daga bayan ƙayoyi. Aka sauke su, aka sa su durƙusa a kan yashi mai zafi. Mushe bai ɓoye mini cewa wandonsa ya jiƙe ba. Aka fasa akwatin. Wani saurayi da ya naɗe fuska, ido kawai ake gani, ya ɗauki littafi guda.

Abin da ya fi bindigar tsorata Mushe shi ne wannan: saurayin bai buɗe farko ba. Kai tsaye ya juya bayan littafin. Ya sa babban yatsa ya shafa gurbin da reza ta bi. Ya ɗauki na biyu, ya juya baya. Na uku, haka. Wa ya gaya masa nan ake dubawa?

"Ɗiyan wa sunka rubuta wanga?"

Mutumin da ya shekara talatin yana hana yara satar maganar juna, yana cewa kowa a ba shi abinsa, ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Ni na rubuta. Ni ɗai."

Saurayin ya dube shi. Mushe ya ce bai san tsawon kallon ba, shi dai ya yi kalmar shahada. Can saurayin ya jefa littafin cikin akwati, ya ce da 'yan uwansa, "Tsoho ne, shirmen yara shika rubutawa." Suka zuba fetur, suka cinna. Suka kwashe gero buhu huɗu, suka ce su ɓace. Na tambayi Mushe ko ya gane muryar. Ya ce bai gane ba, kuma kada in sake tambayarsa.

Ranar Alhamis masu bindigar sun je ƙauyen kamar yadda suka ce. Suka birkice ajin, ba su sami komai ba. Ba a taɓa magidanci ko guda ba. Lakwal ɗin dai har yau a rufe take, Lalla kuwa tana nan Tawa wurin gwaggonta, tana aji shida.

Kai ne, Mushe, mai tsoron kare da ya shiga inda masu bugun ƙirji suka ƙi leƙawa. Ba mu ce tsoron ya bar ka ba. Hawa ta ce har yanzu in moto ta tsaya a ƙofar gida, basilla faɗuwa take daga hannunka. Amma ka sake rubuta littattafan nan daga ka, guda ashirin da shida ka iya tunowa, kana zagin kanka a kan shidan da suka ɓace. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai lafiya, Ya tsare waɗanda ka tsare. Ku kuma malamai masu tasowa, ku je zauren nan tun yana da ƙarfin nuna muku yadda ake sa yaro ya ƙaunaci rubutu. Kada ku ce ku matsorata ne, wanda ya fi ku tsoro ya yi.

Da na kai masa wannan rubutu in karanta masa, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya leƙa waje, ya rage murya.

"Ka sa sunan garin?"

Na ce ban sa ba.

"Na yarinyar da na ubanta hwa?"

Na ce na sake su, da na Madam, da na mai mota.

"To nawa ma ka sake shi. Ina da jikoki."

Shi ya sa, mai karatu, mutumin da ya rubuta sunan yara sama da dubu, da na iyayensu da na kakanninsu, yau muke jinjina masa da sunan aro. Ba Illa aka raɗa masa ba.